Digirin Sufana

Mijin yayata ne, amma ko ni sai na ɗan yi tunani kafin in tuna sunansa na gaskiya. Sufana kowa yake ce masa, saboda ba a taɓa ganin aljihunsa babu ita ba. Shekara ashirin da shida ya yi yana gyaran injina a kamfanin sabulu. In inji ya fara ciwo, sai ya ɗora bakin sukundireba a jikinsa, ya kara kunne a ƙotar, ya lumshe ido, ya faɗi abin da ke damunsa. Da wuya ya kuskure.

Abin da ba shi da shi takarda ce. Sau uku ana kawo masa yaro sabon fitowa daga jami'a ya koya masa aiki, sau uku yaron yana zama ogansa. Na ukun ne ya ƙure shi. Sufana ya zana yadda za a sauya bututun tukunyar dafa sabulu, aka ce zanen ya yi, amma sai injiniya ya sa hannu. Yaron ya karɓa, ya riƙe takardar a juye, ya gyaɗa kai, ya sa hannu.

Ran nan ya dawo gida ko takalmi bai cire ba ya ce wa yayata, "Makaranta zan koma."

Tana tsinke zare a bakin kekenta na ɗinki ta ce, "Wace? Ta yaran? An biya ai."

"Tawa. Jami'a."

Ta dube shi tun daga furfura har ƙafa. "To, Allah ya taimaka. Sai dai ka sani, ni ba zan je ganin malaminka ba in ka yi laifi."

Yana da shekara arba'in da takwas ya shiga karatun ƙarshen mako. Ranar farko ya sa riga mai guga, ya rataya jaka, ya tura ƙofar aji. Nan take surutu ya mutu, yara suka ɓoye wayoyi, suka buɗe littattafai. Wata yarinya ta taso da sauri ta goge masa allo. Ya yi mata godiya, ya wuce can baya ya zauna. Aka yi ta waiwayensa har malamin gaskiya ya shigo, wani siririn saurayi, wanda shi ma da ya hango shi sai ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, duba mu aka turo ka yi?"

"A'a, malam. Koyo na zo."

Daga ranar ajin ya sa masa Baba. In an yi rikici shi ke raba faɗa, in za a roƙi a ɗaga jarrabawa shi ake turawa gaba.

Lissafi ne ya fara kayar da shi. Wanda ya sani na awo ne, da inci da mita. Wannan kuwa haruffa sun fi lambobi yawa. Dole ya kai kansa gaban babbar 'yarsa, wadda take shekarar ƙarshe a sakandare. Yarinyar nan ta daɗe tana jiran irin wannan rana. Ta karɓi littafinsa, ta sa jan biro, ta yi ta zagaye har shafin ya koma ja.

"Baba, ina ka samo wannan bakwai ɗin?"

"Na ga kamar ya dace da wurin."

"Ba a gani. Nuna min hanya. Kai da bakinka ka ce amsa ba hanya sata ce."

Ya karɓi littafin ya sake lissafin, don ya tuna ya faɗa, kuma ba sau ɗaya ba.

Gidan ɗaki uku ne, yara biyar, ga keken ɗinki, ga talabijin da ba ta hutawa. Teburin cin abinci kuma ya riga ya zama na yankan yadi. Da ya rasa wurin karatu, sai ya koma cikin tsohuwar motarsa da ke ƙofar gida. Yana dawowa daga aiki da yamma zai shige, ya ɗora littafi a kan cinya, ya rufe gilashi. Daga waje ba a ganin littafin. Abin da maƙwabta suke gani shi ne magidanci zaune shi kaɗai a mota, ya dafe kai, yana magana da kansa, wani lokaci ya doki sitiyari. Ga yara suna kai masa abinci ta taga.

Bayan mako biyu, dattijon layin ya ɗauko wasu mutum biyu suka yi sallama da yayata. Ina gidan ranar, da kunnena na ji. Dattijon ya yi gyaran murya ya ce, "'Yata, zama sai da haƙuri. Ko me bawan Allahn nan ya yi miki, ki dubi yaran nan ki bar shi ya shigo."

Yayata ta gane inda aka dosa, amma ko gezau. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, na ji maganarku. Amma ba zai shigo ba sai ya gano x."

"Wace ce kuma haka?"

"Ni ma ban san ta ba. Kullum ita yake nema."

Suka fita ransu a ɓace, suka zagaye motar. Sai da Sufana ya fito da littafin ya nuna musu shafi-shafi kafin suka yarda, kuma har yau ɗaya daga cikinsu bai gama yarda ba.

A shekara ta uku aka kai su ɗakin gwaji don su ga injin tura ruwa yana aiki. Injin ya ƙi tashi. Malamin ya danna nan, ya danna can, gumi ya fara keto masa. Sufana ya daure, ya daure, ya kasa. Ya ce, "Malam, a ba ni izini." Minti goma ya canza boris ɗin da sandar injin ke juyawa a kai, injin ya kama. Ajin ya yi ta tafi. Da jarrabawar kwas ɗin ta zo, aka tambayi dalilan da ke sa irin wannan inji rawa, a kawo lissafi. Ya rubuta layi ɗaya: a kunna shi in ji. Ya faɗi.

Wannan faɗuwar ta taɓa shi. Kwana uku bai buɗe littafi ba. Ya ce wa yayata ya gaji, ga aiki kwana biyar, ga makaranta kwana biyu, autarsu har ta fara ce masa "baƙo ya zo". Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Ka bari mana. Sai dai ka shirya abin da za ka gaya wa yaran nan ranar da ɗayansu ya faɗi ya ce shi ma ya bari." Washegari ya nemi malamin, ya ce a koya masa rubuta abin da kunnensa yake ji. Ya maimaita kwas ɗin, ya ci. Ya taɓa gaya min cewa ranar da lissafi ya ba shi amsar da ya riga ya sani shekara ashirin, sai da ya ji kamar ya haɗu da ɗan'uwa a tasha.

Karatun shekara biyar ya ɗauke shi bakwai. Kafin ya gama, 'yar da ta koya masa lissafi ta riga shi karɓar nata digirin, tana kiransa ƙanenta a boko.

Ranar bikin yaye su muka cika mota biyu, har da mahaifiyarsa, tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu, wadda ba ta taɓa fahimtar inda ɗanta yake ɓacewa duk Asabar ba. Da aka tashi, ya zo ya durƙusa a gabanta cikin doguwar rigar nan da hula mai kusurwa huɗu, ya miƙa mata takardar. Ta shafa ta, ta juya bayanta.

"To yanzu za su ba ka aiki?"

"Inna, ai ina da aiki. Shekara talatin da uku."

"Wane aikin za ka koma?"

"Shi dai. Gyaran injin. Sai dai yanzu ni zan sa hannu."

Ta ɗago ta kalle shi. "Da can da me kake gyarawa?"

Ya buɗe baki zai yi bayani, yayata ta taɓa shi, ya fasa. Tsohuwar ta dafa kansa ta sa masa albarka mai tsawo, har idonsa ya kawo ruwa. Da ta gama ta ce ya cire wannan farantin daga kansa kafin mutane su ɗauka talla yake yi, kuma a nemo mata inda za ta zauna, ƙafafunta sun gaji.