Kuɓewar Baba Gwadabe a Cikin Furanni

Baba Gwadabe maƙwabcinmu ne a Jakara, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara talatin yana noman lambu a bakin rafi, latas da kabeji da alayyahu, har gine-gine suka cinye wurin. Da aka buɗe wani katafaren wurin shaƙatawa a bayan gari, mai lilo da tafki da furanni kala-kala, sai aka ɗauke shi aikin ban ruwa. Baki goma ke ci a albashin nan.

To, Baba dai Baba ne. Ranar farko ya dawo yana ta zuba tsaki. "Ƙasa baƙa wuluk, ga taki ga ruwa, wai fure! Miya ake yi da fure?"

Na ce, "Baba, ka yi abin da aka sa ka kawai." Ina! Kamar da bango nake magana.

Ashe da iri yake tafiya a aljihu. Bayan kowane fure ya cusa kuɓewa, gefen hanyar masu yawo ya jera yakuwa, gindin allon da ya hana taka ciyawa kuma ya dasa albasa. Wata biyu cur ba wanda ya farga. Amare har hoto suke yi a gaban kuɓewar, su a dole sun ga furen ƙasar waje. Dubunsa ta cika ne ranar da wata Hajiya ta bar jikokinta a lilo, ta tsuguna tana tsinkar yakuwa tana zubawa a mayafi.

Manajar wurin, Malama Shamsiyya, sa'ar 'yarsa ce. Ta kira shi ofis ta ce, "Baba, don girman Allah ka rufa mini asiri. Nan ba gona ba ce. In Juma'a ta yi ba a cire ba, kai za a cire."

Wallahi ya ba ni tausayi. Ran Alhamis da hantsi ya hana kowa taɓawa, da hannunsa ya tuge su ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙulla dami-dami ya bi ma'aikata yana rabawa, har manajar. Ta karɓa hannu biyu, kanta a ƙasa.

Yana nan yana aikinsa. Kwanan baya na kai iyali, na same shi riƙe da tiyo, na ce, "Baba, ya aiki?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi, ɗan nan. Ga ni nan ina shayar da ciyawar da ko akuya ba a bari ta ci."