Uwar Man Shanu

Duk Illela an ɗauka surkulle kakata take yi wa man shanunta. Ba surkulle ba ne. In tana narka mai, takan sauke tukunya da sauran ɗan curi bai narke ba. Shi take kira uwa.

Wani hutu na dawo daga makarantar 'yan mata da Nasara suka buɗe a Sakkwato, na tarar tana lallaɓa wuta. Haƙurina ya ƙare, na tura itace. Curin ya ɓace, ƙauri ya tashi.

"Ke 'yar boko, mi kinka yi? Kin kashe mishi uwa!" in ji ta. "Mai na tuna wutar da ya sha. Mai uwa shi ka kwanciya sumul, maraya sai tsaki-tsaki."

Na yi dariya. Da man ya huce a gindin randa, sai ga shi kamar yashi.

Yau shekara guda da rasuwarta. Matan Ƙonni masu ƙetaro iyaka don sayen man nata sun dangwali wanda na narka, sun juya ba su saya ba. Ran kasuwa zan janye itace, in bar uwa. Allah ya sanyaya makwancinki, Kaka.