Hauwa'u Ta Sosa Ƙafar da Aka Binne

Jama'a, yau 'yata ta sosa ƙafar da aka binne tun bara!

Kun san Yaya Sani, wanda aka yanke wa ƙafar hagu bayan hatsarin mashin a hanyar Ribah. Kwanan nan ko barci ba ya iyawa. Wai tafin ƙafar da babu ke masa ƙaiƙayi! Da safe na iske ƙannenmu riƙe da fartanya, za su je su tone inda aka binne ta, wai tururuwa ce ke cin ta.

Sai ga Hauwa'u, da ma ta zo hutu daga makarantar koyon aikin jinya. Ta ce, "Mama, ara mini dogon madubinki."

Na ce, "Ke, kwalliya za ki yi ana cikin wannan hali?"

Ta zaunar da Yaya Sani a tabarma, ta kafa madubin tsakanin cinyoyinsa. Ƙafar dama ta fito a ciki, sai ka ce ta hagun ce ta dawo! Ta ce, "Kawu, madubin kawai za ka kalla." Ta shiga sosa masa tafin dama.

Can sai muka ji Yaya ya ce, "Wayyo, nan ne! Ƙara sama kaɗan!" Hawaye shar!

Ta ce ƙwaƙwalwarsa ce ba ta yarda ƙafar ta tafi ba. Da ido ya nuna wa ƙwaƙwalwar ana susa, sai ta ji kamar ƙafar ce ake sosawa.

Masu fartanya suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya ce madubin ya zama nasa. Na ce ya riƙe! Ni da na haifi Hauwa'u, wace kwalliya kuma nake nema?