Salatif ɗin Kawu Sabi'u

Yau shekara biyar cif da rasuwar Kawu Sabi'u, ƙanin mahaifiyata. Allah ya jiƙansa. Amma gaskiya wannan makon haushinsa nake ji.

Shi ya jawo ni Jidda, ya sa ni aiki a ɗakin binciken da ya daɗe yana kula da injinsu. Injin gwaji ne, masana na neman yadda za a haɗe ƙwayoyin zarra a samu wuta irin ta rana. Mu namu shi ne tulun ƙarfen da ke tsakiya: a zuƙe iskar cikinsa kaf, kada ko numfashin sauro ya shiga. In ya yi yoyo, shi ke nan, ba gwaji.

Kawu bai yarda da littafi ba. Duk abin da ya gano, sai ya yanki farin salatif, ya rubuta da ajami, ya manna a wurin. Wannan noti a ɗaure shi ƙarshe. Wannan famfo a bari ya yi ɗumi tukuna. Na sha cewa, "Kawu, mu zuba su a kwamfuta mana." Sai ya ce, "Ɗan zamani, in inji ya rikice kwamfutar za ka rungumo ka shiga ƙarƙashinsa?" Bayan rasuwarsa na ce zan kwafe su. Yau, gobe, jibi. Wannan laifina ne, na yarda.

To bana aka kawo wani kamfani daga unguwar masana'antu ta Jidda su sabunta kaya, famfuna, wayoyi, allo ko'ina. Ni ina Kano hutu. Ma'aikatan suka ga haruffan Larabci, suka kasa gane ko kalma guda, suka yanke cewa addu'o'i ne. Bayin Allah, cikin ladabi suka ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, suka kai akwatin masallaci da ake zuba takardu masu sunan Allah. Kafin in dawo an kwashe. Babbansu har albishir yake min, yana ce min injiniya da Larabci: "Ya muhandis, ko ɗaya ba mu bari ta taɓa ƙasa ba!" Me zan ce? Na ce jazakallahu, raina na tafasa.

Sati uku ke nan tulun na yoyo. Sabon allon yana faɗa min akwai yoyo, da jan rubutu mai kyau, amma bai san a ina ba. Mudir, shugaban ɗakin binciken, ya ce ranar Lahadi manya za su zo ganin gwaji, ya kuma tuna min, wai da wasa, iƙamata, takardar izinin zama, saura wata biyu. Da Kawu ya ga wannan gyaran, dariya zai yi har da riƙe ciki, ya ce an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Jiya na kwanta rigingine a ƙarƙashin injin ina haskawa da waya, sai ga salatif guda da suka tsallake, har ya yi rawaya. Na matso da wayar. Na karanta: "Nan sai a hankali. A tambaye ni."

A tambaye ka a ina, Kawu?

Na jima a kwance ina ta masifa ni kaɗai. Can na lura da inda ya manna shi, daidai bakin wata tsohuwar roba da kamfanin bai canja ba. Na fesa mata iskar gano yoyo, allon ya zabura. Ita ce. Sabuwa za ta iso Asabar, in sha Allahu.

Abin da ya rage na Kawu ke nan. Bai taɓa miƙa wa mutum amsa a hannu ba, sai dai ya kai ka bakinta ya koma gefe yana kallo, kuma mutuwa ba ta canja masa hali ba. Allah ya kai haske kabarinka, Kawu. Amma wallahi da ka ƙara layi ɗaya.