Lomar da ta ƙi wucewa

Duk abin da zan manta na zamanmu a Jidda, ban da shekarar da Baba ya daina cin abinci a gabanmu. Lokacin ruwa ma a keken jaki ake kawo mana, ni kuma ban daɗe da tarewa a unguwar Sa'alaba ba.

Baba mai tsire ne a unguwar Nuzla, tun yana saurayi bai rabu da shisha ba. Da ciwon ƙirji ya kayar da shi a bakin tukuba, likita ya ce jijiyoyin zuciyarsa sun cushe, ya hana shi kitse da gishiri da taba. Ni na karɓi girkinsa, kullum bayan azahar na kai masa.

Sai ya fara ramewa. Kowa murna yake yi. Inna ta ce, "Masha Allahu, yana bin dokar likita." In ya yi tari, zuciya ce. In muryarsa ta dushe, zuciya ce. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Kwano na dawowa fes, amma magen lungunsu sai ƙiba take yi, har tana tarbata tun daga bakin titi.

Na zaci kitsen tsire yake ci a ɓoye, na tsare Yaya da suke aiki tare.

"Wallahi ko tsinke ɗaya ba ya taɓawa," in ji Yaya. "Shayi kawai. Ke dai kin cika zargi."

Na shiga lissafi. Ba ya cin nawa, ba ya cin nasa, to me yake ci?

Washegari na ajiye kwano, na zauna daram.

"Yalla, tashi ki koma ɗakinki, 'yar nan."

"Sai na ga ka ci, Baba."

"Askari aka ɗauke ki, ki yi gadina?"

Ya yi dariya, ya kai loma. Na zuba ido ina kallon wuyansa. Ya haɗiya, ya sake haɗiya, idanunsa suka kawo ruwa, ya juya baya ya mayar da ita cikin hannunsa. A hankali ya ce, "Ta daɗe ba ta wucewa. Kar ki gaya wa uwarki, ciwo ɗaya ya ishe ta."

Ban rufa masa ba. Muka kai shi asibiti, aka ɗauki hoto, likita ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro. Ya ce tabar da ta ɓata zuciyar tana cikin abubuwan da ke jawo wannan ma, kuma da an zo da wuri da ya fi.

Bai ga azumi na gaba ba. Allah ya jiƙansa da rahama.

Tun daga nan, in na ji an ce wa mai ciwon zuciya "ai zuciyar ce", sai na ce a koma a duba. Samun sunan ciwo ɗaya ba ya hana na biyu shigowa. Kuma mara lafiyar da ke tausayin iyalinsa, kar a tsaya ga tambayarsa. A zauna, a ga ya ci.