Ƙaryar da Ta Kai Mu Gadarif

Ranar Talata ce, farkon damina. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi laushi. A garinmu, gabas da kogin Dindir, hankalin kowa yana gona. Na yi sallar asuba, na sha shayi, na share rakuba, wato rumfar karan da ke tsakar gidana. Ƙarfe shida da rabi na jingina baƙin allo a jikin ginshiƙi.

Shekara ashirin da biyu ina koyarwa a firamare. Da yaƙi ya ɓarke aka rufe makarantu, na zauna ina kallon yara suna mance abin da na sha wuya na cusa musu. Abin ya ishe ni, na buɗe aji a gidana. Kowace safiya ina gaya musu makaranta za ta buɗe, wanda ya daure shi zai wuce gaba. Da ƙarfi nake faɗa, don ni kaina ban tabbata ba.

A wajenmu, ranar shuka yaro ba ya zama gida. Uba yana gaba da sungumi yana sara, yara suna binsa suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Ni ce na shiga tsakanin mutane da wannan al'ada. Bakwai saura kwata na tare Malam Idrisa a ƙofar gidansa. Ya ɗaura wa jaki amalanke, matarsa Halima tana sama, 'yarsu Batulu mai shekara takwas tana rungume da ƙwaryar iri. Na ce a bar min ita zuwa azahar. Ya ce hannunta yake so a gona. Ni mace ce mai baki, duk garin an sani. Na yi ta magana har ya gaji, ya ce ta sauka. Halima ta yi dariya, ta ce wa ya isa ya ja da Ustaza, haka ake kiran malama a wajenmu. Suka nufi gonakin yamma, wajen kogi.

Yara goma sha ɗaya suka zo ranar. Babbansu shekara goma, ƙaraminsu Usmanu shekara shida. Iyayensu duka suna gona.

Ƙarfe tara da kwata muna kan lissafi. Muka ji ƙara daga yamma, kamar an jefar da ganga daga kan mota. Yara suka ce hadari ne. Na ɗaga kai, sama garau.

Tara da rabi, ƙarar babura. Da yawa, ba ɗaya ba. Sai bindiga, a jere, ba ta tsayawa. Na ce, "Ku kwanta!" Suka kwanta rub da ciki a kan tabarma.

Goma saura minti goma aka daki ƙyaurenmu ya faɗi. Mutum biyu, fuska a naɗe da rawani. "Talafon! Dahab!" Waya da zinariya suke nema. Na miƙa wayata, na cire 'yan kunne. Ɗayan ya dubi allon, ya dubi yaran, ya yi dariya. Ya ɗaga bindiga ya yi harbi sama. Kara da ƙura suka zubo mana a kai. "Yalla, barra!" Wato maza waje. Muka fita.

A kan layi mai shagon unguwarmu yana kwance a bakin shagonsa, ba ya motsi. Na sa yaran a ɗaya gefena. Hayaƙi yana tashi daga kasuwa. Kowa gabas yake gudu. Daga gonakin yamma babu wanda ya dawo.

Ƙarfe sha ɗaya muka kai hafir, tafkin da ake tara ruwan sama a bayan gari. A nan yaran suka zauna a ƙasa. Suka ce ba za su ƙara taku ɗaya ba sai da iyayensu. Na yi tsawa, ba su tashi ba. Na lallashe su, suka ƙara kuka. Harbi yana matsowa. Batulu ta miƙe ta juya yamma, na cafke hannunta.

Sai na ce iyayensu sun riga mu, sun bi ta bayan gona, suna garin Hawata can gabas suna jiranmu. Batulu ta dube ni ido cikin ido, ta ce, "Wallahi, Ustaza?" Na ce wallahi. Ban san inda ko ɗaya daga cikinsu yake ba. Suka tashi.

Wanda bai taka ƙasarmu da damina ba ba zai gane ba. Baƙar laka ce, tana kama ƙafa, kowane taku sai ka ɗaga nauyin bulo. Kafin la'asar takalman yara shida sun tafi. Muka tace ruwan kududdufi da bakin mayafina muka sha. Wata mata da ban sani ba ta ba mu busasshiyar kisira, gurasar dawa, na gutsura ta kashi goma sha biyu.

Duk dabarar aji da na sani sai da na yi. Na nuna musu bishiyar ƙaya can nesa, na ce a can za mu huta. Da muka kai, na nuna wata. Na sa su waƙar taron safe, a hankali. Na naɗa masu kula da layi. Amma abin da ya riƙe su a kan ƙafa shi ne rantsuwar nan. Duk wanda ya durƙusa, Batulu ce ke komawa ta ɗaga shi. Ina jinta a bayana tana cewa Ustaza ta rantse. Duk lokacin da ta faɗa, haushin kaina nake ji har wuya.

Rana ta biyu, ƙarfe biyu, babura suka sake fitowa a hanya. Wani dattijo ya yi ihu, "Ku shiga ciyawa!" Muka kwanta cikin laka minti arba'in. Tururuwa suka hau Usmanu, na toshe masa baki da tafin hannuna. Ya cije ni har jini. Muka ji harbi uku a gaba, muka ji mace tana kururuwa, sai shiru. Da muka tashi na bi da su nesa da hanya.

Rana ta uku da hantsi wani mai tarakta ya tsaya. Ya dubi ƙafafun yaran, ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya zuwa cikin tirela. Ƙarfe biyar muka ga kogin Rahad a cike, garin Hawata yana bakinsa.

A Hawata mutane sun fi gaban kallo. Kuma ga abin da ya fi ba ni takaici: a can muka tarar da iyayen yara uku. Da gaske suna can. Yaran suka dube ni kamar waliyiya. Sauran takwas na ce musu nasu sun gaji da jira, sun wuce birnin Gadarif. Wannan karon babu wanda ya nemi in rantse. Muka hau lori, babbar motar kaya.

A Gadarif aka sauke mu a wata makarantar firamare. Shekara guda ina yi wa yara alkawarin makaranta za ta buɗe, to ga ta a buɗe. Gida shida a aji ɗaya. Zannuwa a rataye a kan allo, tukwane a ƙarƙashin benci.

Na fara yawon ofisoshin agaji ina neman iyayen yaran. Wannan ofishi ya rubuta sunayen yaran, ya ce in dawo gobe. Na dawo, ya ce wancan ofishi ne. Wancan ya ce ba a haɗa jerin sunaye ba tukuna. Sau huɗu aka rubuta Batulu Idrisa a takarda huɗu, babu wanda ya taɓa kirana. Wasu samari 'yan agaji masu riguna iri ɗaya suka zo da ƙwallo da takardun zane. Da suka ji ni malama ce, suka roƙe ni in ja wa yara waƙar gobe za ta yi kyau. Na so in tambaye su wace goben. Amma na ja waƙar, na tafa, aka ɗauki hoto.

Abin da ya yi aiki ba ofishi ba ne. Na tsinci alli a aljihun tebur, na rubuta sunayen yara takwas da na iyayensu a bangon ƙofar makaranta. Wani tela Bahaushe daga kasuwa ya kwafe su, yana karantawa a masallatai bayan sallah. In ruwa ya wanke bangon, Batulu ce ke sake rubutawa, don ta fi kowa kyawun hannu. Mako na farko uwar Usmanu ta zo. Mako na biyu mutum uku. Duk wanda aka zo ɗauka, Batulu ke goge sunansa da jiƙaƙƙen tsumma, tana murna, tana cewa saura nata. A mako na biyar sunanta kaɗai ya rage.

Kwananmu talatin da takwas, da la'asar, Hajja Asha ta iso. Gonarta tana jikin ta Malam Idrisa. Ta rame har na kusa rashin gane ta. Ta ja ni bayan tankin ruwa. Ta ce ƙarfe tara masu baburan suka cim wa su Malam Idrisa a gona. Jakin da amalanken suka nema, Idrisa ya riƙe igiya. Shi aka fara harbi, Halima ta faɗa kansa, aka haɗa da ita. Da yamma waɗanda suka ɓuya suka binne su a bakin kunyar gona. Hajja Asha da kanta ta rufe Halima da mayafinta.

Ta ce Allah ne ya sa na sauke yarinyar daga amalanke, da yanzu uku ne. Na je wurin limamin unguwar da maganar rantsuwa, ya ce ceton rai na yi, kada in damu. Kowa yana wanke ni. Ba wankewarsu nake nema ba.

Kwana tara na riƙe maganar. Na roƙi Hajja Asha ta yi shiru. Kullum ƙarfe bakwai Batulu tana bakin ƙofa, ta gyara rubutunta, ta tsaya tana kallon duk lorin da ya tsaya. Sai rana ta yi zafi ta dawo. In ta tambaye ni, in ce wataƙila gobe. Ni da nake yi wa iyaye faɗa su riƙa gaya wa yara gaskiya, ni ce nan.

Rana ta tara ina wanke ɗankwalinta na ji ƙulli a gefe. Na kwance. Dabino bakwai, sun fara laushi. Duk ranar da aka raba dabino, ɗaya take ci ta ɗaure ɗaya. Ta ce na ummanta ne, don za ta iso da yunwa.

Bayan azahar na zaunar da ita a kan tabarma na gaya mata. Ban kewaya ba. Na faɗi wurin, na faɗi lokacin, na ce an yi musu sallah an rufe su. Ba ta yi kuka a lokacin ba. Abu ɗaya ta tambaya: ranar nan a bakin hafir, da na rantse, na san inda suke? Na ce ban sani ba. Ta ciro allin daga aljihu ta ajiye a kan tabarma, ta tashi ta tafi wurin Hajja Asha. Daga can na jiyo kukan.

Har yanzu muna makarantar. Ina tara yaran sansanin da safe a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, su kusan arba'in. Ina koya musu karatu da lissafi. In sun tambaye ni yaushe za a koma gida, ina cewa ban sani ba. Wasu iyayen suna ganin ina kashe wa yara gwiwa. Samarin nan sun daina kirana waƙa.

Yara goma sha ɗaya na fito da su daga rakubata. Goma na damƙa a hannun iyayensu. Ɗaya tana kwana kusa da ni, tana cin abin da na dafa, tana gaishe ni da ladabi kowace safiya. Tana zuwa aji, tana zama a layin gaba. Jiya na ce mata an gama tuwo, ta zo ta ci. Ta ce to, Ustaza. Sai da ta je ta buɗe tukunyar ta leƙa, sannan ta wanke hannu.