Ranar da Tukur Bahago ya tsallake kanal

Shekara goma sha tara ke nan da munka binne yayana Tukur, wanda masu kallon ƙwallo na gabashin Sakkwato sunka sani da Bahago. Ni ban yi nisa a boko ba, aji biyu na sakandare na aje, don haka mai neman zaƙin rubutu ya buɗe wani shafi. Abin da ya sa na ɗauki biro, satin da ya wuce na biyo ta gidan kallon garinmu na iske samari sun kusa cin kwalar juna kan wani ɗan wasan Turai. Wai in ya koma tsohuwar ƙungiyarsa, magoya baya za su amshe shi ko ihu za su yi mishi. Na tsaya bakin ƙofa ina saurare. Rabin masu gardamar, ubanninsu sun taɓa ba da amsa da hannuwansu.

Garinmu yana tsakanin Goronyo da Wurno. Ba ni kama sunansa, mutanensa sun san kansu. Tukur shi ne lamba taranmu. Daga Taloka da Rimawa mutane kan taso bisa kekuna don su ga ƙafarsa ta hagu, kuma na ga ranar da ya saki ƙwallo ta karya ma wani gola yatsu biyu, ta wuce da hularsa cikin raga. Mata ma da ba su zuwa fili sun san waƙar da ake mishi.

Da anka gama dam anka ja kanal, wato babbar magudanar da ke kai ruwa gonaki, sai anka sake rabon fadama. Rabon babanmu ya faɗo can wutsiyar kanal, inda ruwa ke isowa sau ɗaya a sati, shi ma in na sama sun ƙoshi. Wani dillalin albasa a wajen Rabah, mai ƙungiya tashi ta kansa, ya ba Tukur fili bakin ruwa da injin ban-ruwa. Tukur na da mata da ɗiya biyu. Cikin masu tafa mishi babu wanda ya taɓa kai mudun gero gidansa. Ya tafi. Shekara na zagayowa ya zo filinmu da rigar waɗancan ya zura muna biyu. An yi wa motarsu ruwan duwatsu, an fasa ma direba goshi. Bayan kwana uku anka cinna ma rumbun albasarmu wuta, namu na gida, ni da Inna, mu da ba mu buga komi ba.

Akwai wata al'ada ta filinmu da sai na bayyana. Filin na da mashiga biyu. 'Yan gida ta wajen gari suke shiga, inda Baba Altine, dattijon da ke aje rigunan ƙungiya, ke tsayawa da ƙwaryar rubutu yana yayyafa ma kowa ga ƙafa. Baƙi kuwa ta kan kwalbatin kanal suke tsallakowa. An yarda cewa ɗan gida in ya tsallake ruwa da rigar ƙungiya a jikinsa ranar wasa, ya karya asirin kowa. Kada ku yi dariya. Mutanen da ke sahun gaba a masallaci sun yarda da wannan, ni ma na yarda.

Shekara bakwai Tukur ya yi can. Gwiwa ta lalace, dillali ya amshe injinsa ya ba wani sabon jini, Tukur ya kwaso iyali ya dawo ɗakin babanmu. Wata uku bai taka bakin fili ba. Rannan muna dashen albasa ya ce, "Garba, hwaɗa min gaskiya. In na ce ina son wasa guda da rigar gida kahin in aje, za su amshe ni?"

Na ce bari in tambaya. Kuma na tambaya. Na je majalisar bakin kasuwa, na je wurin mahauta, na je tashar babura. Kowa ya ce abin da ya wuce ya wuce. Akwai wanda ke buga ma magoya baya ganga, shi ke juya su yadda ya so, mu kira shi Mai-ganga. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Bahago ai namu na. Shi zo, ni za ni ɗauko shi bisa wuyana." Baba Altine kaɗai ya ce, "Ɗana, mi kaka gaggawa? Bari shi hwara da wasan da ba kowa." Ban ji ba. Wasan da ke tafe da mutanen Rabah ne, tsohuwar ƙungiyarsa, ni kuwa so nake ya rama muna a gaban idonsu. Ni na amso rigar hannun Baba Altine tun jajibiri na kai mishi.

Ranar wasa ta faɗo daidai ranar ruwanmu. In ruwa ya wuce ka, sai wani sati, dashe kuwa bai jira. Ni ke da aikin tare ruwan, amma na ce ina cikin masu kafa raga, shi ya je ya buɗe ya dawo. Ruwan bai iso ba sai bayan azahar. Ya tsaya har ya cika fangalan albasa, ya ji usur daga nesa, ya zura rigar da ya tafi da ita a leda, ya sheƙo. Gonarmu tana ƙetaren kanal. Zagayowa ta gari tafiya ce mai nisa, kwalbati kuwa ga shi gabansa, kuma ta nan ya saba shiga filin shekara bakwai. Ya hau ya tsallako, taɓo har ƙwauri, lamba tara a bayansa.

Gangar ta tsaya. Na ji wani bayana ya ce, "Kun gani ko? Aiko shi anka yi."

An fara wasa duk da haka. Sunka ci mu ɗaya kafin hutu. Saura kaɗan a tashi munka samu fanareti, Tukur ya aje ƙwallo da kansa. Ya taho, gwiwar ta lanƙwashe, ƙwallon ta bi saman raga ta faɗa kanal. Alƙalin wasa bai samu ya hura tashi ba.

Hoge ya fara sauka, busasshen laka da anka yaso daga kanal, mai nauyin dutse. Ɗaya ya same shi ga kunne ya durƙusa. Sai mutane sunka ɓallo igiyar da ta kewaye fili. Wanda ya ce zai ɗauke shi bisa wuya shi ya fara isa, ya zare ƙotar hauya hannun wani ya sauke mishi ga gwiwar nan mai ciwo. Na ji ƙarar daga inda nike. Sunka tattake shi, sunka yage rigar daga jikinsa har da fatar kafaɗa, wani mahauci da na sha shayi da shi kwana biyu kafin nan yana dukan haƙarƙarinsa da benci. 'Yan Rabah, baƙin, su sunka kutsa sunka jawo shi, golansu ya bar haƙora biyu wurin. Ni fa? Ina riƙe da turken raga. Ban jefa ba, ban tare ba. Tsoro na ji kada a ce da ni anka haɗa baki.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a asibiti cikin Sakkwato yana tofar da jini. Bai zagi kowa ba, abin da har yau ke ba ni haushi. Sau ɗaya ya tambaye ni ko ruwan ya kai fangalin ƙarshe. Na ce ya kai. Ranar jana'iza gari duka ya fito, waɗanda sunka tattake shi suna rige-rigen kama makara. Manya sunka zauna sunka ce rigimar taro ce, ba a san hannun kowa ba, a bar ma Allah. Inna ta bari. Ba ta ƙara shekara ba.

Da Tukur zai leƙo yau, ban san mi zai ce ba. Baba Altine ya rasu, ƙwaryar rubutu ta tafi da shi. 'Yan wasanmu bisa babura suke tsallake kwalbatin nan da rigunansu, suna latsa waya, ba mai ɗaga kai. Abin da anka kashe mutum a kansa, yanzu in ka ba yara labari sai su ɗauka zolaya kake. Ina jin shi dariya zai yi, don shi mutum ne mai saurin yafiya. Ni ba haka Allah ya yi ni ba. Abin da ya rage nashi ba yawa: ɗiyansa mata biyu da na aurar, da gonar wutsiyar kanal da nike nomawa, da tsofaffi da in an yi maganar bugun hagu sai su ce ba a sake irinsa ba, sa'annan su dubi ƙasa. Allah ya jiƙanka Tukur, ya sa wahalar kwanakin nan ta zama kankarar zunubi.

Watan jiya Mai-ganga ya yi sallama ƙofar gidana. Yanzu Alhaji ne, shi ne ciyaman na ƙungiya, da carbi mai tsawo. Ya ce sun shirya gasar ƙauyuka, suna son su sa ma kofin sunan Bahago, ni kuma in miƙa shi ranar ƙarshe.

Na ce, "Alhaji, yanzu kun amshe shi ke nan?"

Ya ce, "Haba Malam Garba, ai bai taɓa hita ranmu ba."

Na ce ai dole, wanda ke ƙasa ba ya ɓarar da fanareti. Na ce na yarda, zan zo. Amma in anka ba ni lasifika, kafin in miƙa kofi sai na karanta sunayen waɗanda sunka taɓa shi ranar nan, ɗaya bayan ɗaya, da abin da kowa ya riƙa. Kuma don kada ya ce na yi son kai, da sunana zan fara, ni da na kira shi, na tura shi gona, na tsaya ina kallo.

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce zai yi shawara da 'yan kwamiti, ya sa takalmansa ya fita.

Saura sati biyu a buga wasan ƙarshe. Takardar gayyata ba ta zo ba har yau. Na riga na rubuta sunayen, goma sha huɗu ne, kuma muryata ba ta buƙatar lasifika.